Canjin jirgi a Frankfurt da tikiti biyu: yaya za a yi da akwati?

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata za ta tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa Toronto ta Kanada karatu, za ta canza jirgi a Frankfurt ta Jamus. Wani ejan a Wuse ya yanka mata tikiti biyu daban, wai ya fi araha.

Na san mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin ƙasashen Schengen (ƙasashen Turai masu biza ɗaya, har da Jamus) ko da ba zai fita ba, amma an ɗauke wa mai bizar Kanada, kuma tana da ita. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kayanta. Idan tikiti ɗaya ne, akwati yana wucewa kai tsaye. Idan biyu ne, wurin karɓar kaya yana bayan teburin jami'an shige da fice, ita kuwa ba ta da izinin tsallakawa. Ga akwatin cike da kilishi da yaji, Hajiyarmu ta ce ba za a bar shi a baya ba.

Don Allah wanda ya taɓa bi, ana iya sa wa kaya lambar Toronto tun daga Abuja? Ko mu haƙura mu sake yankar tikiti ɗaya? Ejan ɗin dai ya daina ɗaga waya.