Neman kalma: me za mu kira wuraren bautar Indiya da aka sassaƙa a jikin dutse?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da nake so mu haɗu mu daidaita a kanta, don duk sanda wani namu ya je Indiya, ko karatu ya kai shi ko rakiyar mara lafiya ko yawon buɗe ido, ya ɗora hotunan Elora ko Elefanta, sai kaga ya rubuta "kogon tarihi" ko "tsohon ginin dutse", kuma gaskiya duka biyun ba su faɗi abin da ido ya gani ba. Turawa suna cewa rock-cut temple. To mu fa?

Bari in fara da bayanin abin, don wanda bai san shi ba ya iya sa baki. Elora tana jihar Maharashtra, kamar kilomita 30 daga Aurangabad (da yanzu ake kira Chhatrapati Sambhajinagar), kusa da Khuldabad inda kabarin sarki Aurangzeb yake. Wurare 34 ne aka jera a jikin tsauni, 12 na mabiya Buddha, 17 na Hindu, 5 na mabiya Jain, kuma UNESCO ta saka wajen cikin kayan tarihin duniya tun 1983. Wanda ya fi ɗaure kai shine mai lamba 16, wato Kailasa, da ake danganta shi da sarki Krishna na ɗaya na daular Rashtrakuta a ƙarni na 8. Ba a ɗora dutse kan dutse ba ko guda ɗaya. Daga saman tsaunin aka fara, ana cirewa ana sauka ƙasa, aka fara fitar da rufin kafin a zo ga ginshiƙai, kafin a zo ga giwayen da ke ƙasa kamar su suka ɗauki wajen a bayansu, har abu ya tsaya da tsayin kusan mita 30 da tsakar gida da benaye da gada, duk dutse guda ne. Ana ƙiyasta an kwashe dutse kusan tan 200,000. In ka hau ta gefen tsaunin ka leƙo daga sama a nan ne zaka gane aikin, don sai ka ganka a sama da ƙololuwarsa kana kallon mutane ƙanana can ƙasa.

Yanzu a faɗa min, wannan za a kira kogo? Kogo a wajen Bahaushe abu ne da ya samu haka, Allah ne ya yi shi, kogon dutse, kogon bishiya, ba hannun mutum. Su Turawan ma da suke kiran Elora da sunan kogo ai sauƙaƙawa suka yi, don Kailasa a fili yake rana na dukansa ta ko'ina, ba wani kogo. Elefanta kam da ɗan dama-dama, tunda can cikin tsauni aka shiga, akwai duhu, ka hau jirgin ruwa daga Mumbai kamar awa ɗaya ka haura matakala sai ka tarar da siffar Shiva, ɗaya daga cikin ababen bautar Hindu, mai fuska uku tsayinta kusan mita 6. Amma ko shi ɗin, in kace kogo kawai ka cinye wa masu aikin haƙƙinsu.

"Ginin dutse" kuma ya fi matsala. Wani bawan Allah daga Damagaram ya rubuto yace ai gini a Hausa ba ɗorawa kaɗai bane, muna cewa gina rijiya, gina rami, don haka kalmar ta riga ta ɗauki ma'anar. Malam maganarka gaskiya ce kuma naji daɗin da ka tuno mana da ita, sai dai duk wanda ya karanta "ginin dutse" a yau abin da zai zo masa shine magini da siminti da dutsen da aka fasa aka jera. Kuma akwai wajen da bambancin yake fitowa ƙarara: Mahabalipuram a jihar Tamil Nadu, bakin teku, aikin sarakunan Pallava. Akwai wasu wuraren bauta guda biyar da ake kira Pancha Ratha na ƙarni na 7, kowanne daga dutse guda aka fitar da shi, sannan ba nisa akwai na bakin ruwan wanda shi tubalan dutse aka yanka aka ɗora. Gari ɗaya, daula ɗaya, aiki iri biyu. In muka kira su duka ginin dutse ta yaya ɗalibi ko mai ba da labarin tafiya zai raba su?

Don haka ni a ganina kalmar aikin ita ce sassaƙa. Masassaƙi ba ya haɗa turmi, kututture guda yake samu ya yi ta ragewa har turmin ya fito, kuma in gizago ya zarce shikenan ba a mayarwa. Haka masu Kailasa suka yi aiki, kuskure ɗaya a rufi ba shi da gyara. Sannan ba mu muka fara kai sassaƙa kan dutse ba, duk wanda ya zauna tafsiri yaji malam ya zo kan Samudawa, mutanen Annabi Salihu, yace suna sassaƙa gidaje a jikin duwatsu. Kunnen Bahaushe ya riga ya saba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

An kawo wasu kalmomin, kuma ban raina su ba. Wata 'yar'uwa tace fafe, wato fafaffen dutse, yadda ake fafe ƙwarya. Hajiya fafewa cikin abu kawai take cirewa, ta dace da Elefanta da Badami ta jihar Karnataka, amma Kailasa an yi masa ciki an yi masa waje. Rarake ma haka, kuma tana da ƙamshin ɓarna, gara ce ke rarake abu. Wani yace "sassaƙen dutse", wannan kam don Allah a bar shi, sassaƙe ai na masu magani ne, saiwa da sassaƙe, za a ɗauka ɓarɓashin dutse ake nufi.

Sai rabi na biyu, sunan wajen kansa, kuma a nan ne nafi damuwa. Na ga masu rubuta "ɗakin tsafi" ko "gidan gumaka". Kowa ya san aƙidarmu a kan bautar wanin Allah, ba wannan ake tattaunawa ba, amma kalmar da za a saka a littafin makaranta ko labarin rediyo ya kamata ta faɗi menene abin, ba ta zagi masu shi ba, kuma tsafi a Hausa ya fi kai hankali ga boka da asiri, wanda ba shi bane a nan. "Wurin bauta" daidai ne, shi kafafen labarai suka fi amfani da shi, sai dai in ka haɗa ya zama "wurin bautar Hindu da aka sassaƙa a jikin dutse" ka ga wannan jimla ce ba suna ba. Haikali gajere ne, daga Larabci muka same shi, Hausawa Kirista suna da shi a Littafi Mai Tsarki, Musulmi ma mun san shi. Wani malami yace shi haikali na Ƙudus kawai yake tuna masa. Allah ya gafarta malam, da ka ƙara "na Hindu" ai ruɗanin ya kau.

Abin da nake ba da shawara kenan: haikalin sassaƙa, jam'i haikalan sassaƙa. In ana son rarrabewa sai ace na kogo, irin Elefanta, ko na dutse guda, irin Kailasa. Kuma tsarin yana tafiya da sauran wurare ba sai Indiya ba, cocin sassaƙa na Lalibela a Habasha, kaburburan sassaƙa na Mada'in Salih a Saudiyya, har ɗakunan sassaƙa da masu ibadar Buddha suke kwana a ciki a Ajanta, ita ma ta jihar Maharashtra, don su da yawansu makwanci ne da wajen karatu.

Wanda zai je ya gwada kalmar da idonsa, a kula Elora a rufe take ranar Talata, Ajanta da Elefanta kuma ranar Litinin.

Abin da ya rage min ban gamsu ba shine siffofin da ke jikin bango, waɗanda suka ɗan kumburo amma ba su rabu da dutsen ba, kamar wadda ke Elora ta Ravana, wani sarkin aljanu a labaran Hindu, yana girgiza tsaunin Kailash, ko babban bangon saukowar kogin Ganga a Mahabalipuram mai manyan giwaye. Mutum-mutumi bai yi ba tunda ba a tsaye suke su kaɗai ba, zane kuma ya yi kaɗan. Ni "sassaƙar bango" nake cewa a yanzu, amma masu aikin ado da zanen gini na Zariya da Kano da Damagaram, in kuna da sunan da kuke kiran irin wannan mai tudu-tudun a wajen aiki, don Allah ku kawo shi.