Malam ya ƙi barin lambu, ni kuma bayana ya fara gazawa

Wata 'yar'uwa (an ɓoye suna):
Assalamu alaikum. Don Allah shawara nake nema. Malam ya haura shekara 65, yana da lambu a wajen dam ɗin Ajiwa, mu kuma muna cikin garin Katsina, Ƙofar Marusa. Da kuɗin sallamarsa na aikin koyarwa ya saya a 2016, ba su kai ba, na sayar da tumakina da 'yan kunnena na cika masa. A shekarar da ya saya ɗin ce tsutsa ta cinye tumatir ko'ina, muka tashi ba ko kwando ɗaya. Ƙannensa suka yi ta cewa mai alli ina shi ina fartanya, maganar nan har gobe tana cin sa. Yanzu gwiwoyinsa sun kumbura, sallah ma a zaune yake yi. Ni ke bin sa, ni ke jan tiyo fangali zuwa fangali, ni ke cirar ciyawa, injin ban ruwa kuwa mu biyu muke kinkima. Daren jiya ko juyi na kasa yi a kan gado. In na ƙi zuwa shi kaɗai zai tafi. Ya zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, ina 'ya'yanku? Ba ki ambace su ba. Magana ɗaya ce, a ba da lambun noma-mu-raba, mai ƙarfi ya noma a kawo muku rabonku. Mace da jikoki ba ta jan tiyo.

Baban Hanifa:
Hajiya, noma-mu-raba sai da mai amana. Ni na ba wani tawa a Jibiya, albasa ta yi kyau kowa ya gani, da aka zo rabo ya ce ruɓewa ta yi. Har gaban mai unguwa muka je, yanzu ko gaisawa ba ma yi. Mama, ku rage latas da kabeji, su ke son ruwa kullum da duƙe-duƙe. Ku sa zogale da gwaba a rabin filin.

Mai tambaya:
Yaran biyu suna Kaduna, ƙaramin yana makaranta. Suna aiko da abin da ya samu, ban son ɗora musu. Latas kuma shi ke kawo kuɗin cefane da wuri, Malam ba zai yarda ba.

Hajiya Babba:
To kin ji. Komai Malam ba zai yarda ba. Ke kika saba masa. Ki kwanta sati guda ki ce ba ki iyawa, da kansa zai nemo 'yan ƙwadago. Haka na yi wa Alhaji da kiwon shanu.

Maman Sadik:
Ni nawa ko ruwan alwala bai taɓa miƙo min ba ina ciwo, shekara 30. Ke dai kin samu mai tafiya da ke. Allah ya ba ki lada.

Malamar Asibiti:
Mama, kumburin gwiwa a wannan shekarun a je a duba shi, a auna hawan jini. Ku daina sayen maganin ciwon jiki a kemis kuna sha kullum, yana taɓa ciki da ƙoda. Injin nan ku sa shi a baro, kada ku sake ɗaga shi.

Baban Hanifa:
Ko yaran su haɗa kuɗi a sa na sola. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ke cinye ribar lambu.

Hajiya Babba:
Sola ce za ta cire ciyawa? A ba da lambun kawai.

Mai tambaya:
Hajiya, ba zan yi masa ƙaryar ciwo ba, bai taɓa tilasta min ba. Ranar da bai je lambun nan ba ko abinci ba ya ci. Baro muna da shi, yashi ne ba ya turuwa. Zuwa asibiti kuma Malam ya ce sai an cire albasa.

Malamar Asibiti:
Yaushe za a cire albasar?

Mai tambaya:
Sai nan da wata biyu in Allah ya kai mu. Akwai wanda ya san nawa ake biyan yaro ban ruwa a wajen Ajiwa yanzu?