Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: wa ke tanƙwarawar?

Mai Tsaron Gida: Jama'a ku raba mu. Kocin 'yan ƙasa da shekara 15 ya ajiye yaro a benci wasa biyu saboda ya makara atisaye. Uban yaron ya zo da faɗa, koci ya ce masa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Uban ya ce ɗansa ba icce ba ne, a bar shi ya san ciwon kansa. Wa ke da gaskiya?

Lamba Tara: Koci mana. Ferguson ya riƙe Manchester United daga 1986 zuwa 2013, kuma ba da lallashi ya fitar da su Giggs da Scholes ba. Ko Beckham da ya fara jin kansa, a 2003 aka sayar da shi ga Real Madrid.

Alƙalin Wasa: Lamba Tara, ka ɗauki rabi ka bar rabi. Ravel Morrison da Pogba tare suka ci wa Manchester United kofin matasa na FA a 2011, gida ɗaya, horo ɗaya. Pogba ya ɗaga kofin duniya a 2018, Morrison kuwa ya yi ta yawon ƙungiyoyi. In tanƙwarawa ce kawai, me ya raba su? Koci zai iya sa ka zagaya fili sau goma, amma ba zai bi ka gida ya kashe maka waya da dare ba.

Uwar Biyu: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Ta dasa wani ɗan icce da ya fito a karkace, ta kafa masa turke ta ɗaure shi da igiya tamau. Kullum sai ta duba, ta ƙara ja. Mu yara in mun raɓe shi, sai tsawa. Ya miƙe kuwa sambal, har maƙwabta na zuwa gani. Sai ciwon ƙafa ya kwantar da ita, babu wanda ya yi ƙarfin halin taɓa igiyar, tunda ita ta ɗaure. Iccen ya yi kauri, igiya ta nutse cikin ɓawonsa. Da iskar farkon damina ta taso, daidai wurin ya karye. Daga kan gado ta yi ta mana faɗa, wai me ya hana mu kwancewa? Muka ce ai ke kika hana. Ta ce ta hana a lokacin, ba har abada ba, ba mu da idanu ne?

Lamba Tara: Allah ya jiƙan kaka. Amma Hajiya, labarin nan nawa ne, da ba ta ɗaure ba ai da bai miƙe ba.

Alƙalin Wasa: Naka ina? Iccen fa ya karye.

Ɗan Benci: Ni dai na san masu tanƙwara kasafin wasanni tun yana ɗanye, kafin ya bushe ya shige aljihu. Wani ya yi mana alƙawarin ƙwallaye da riguna lokacin kamfe, yaran da aka yi wa alƙawarin yanzu har sun yi gemu.

Uwar Biyu: Wannan busasshe ne, sai gatari ranar zaɓe.

Mai Tsaron Gida: To yaron fa? A sa shi wasan Asabar ko a'a?

Ɗan Benci: Tsaya tukuna, yana cin ƙwallo?