Me za mu kira "twinning" na makarantu da Hausa?

Malamin Hausa a wata sakandare, Gombe:

Assalamu alaikum, malamai da sauran masu kishin harshe. Ina neman shawararku a kan kalmar Ingilishi "twinning", a ma'anar da take ɗauka idan ana maganar makarantu, wato makarantu biyu da ke ƙasashe daban-daban su ƙulla alaƙa mai ɗorewa, malamansu su tsara darasi tare, ɗalibansu kuma su yi aiki ɗaya ta intanet ba tare da kowa ya bar garinsu ba. An ɗora mini rubuta takardar neman izinin iyaye kafin 'ya'yansu su shiga irin wannan tsari, kuma da Hausa za ta fita, tunda ita ce mafi yawan iyayenmu suke fahimta, ko da Fulatanci ko Tangale ko Teranci ake yi a gidajensu.

Daga garuruwa kalmar ta faro. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, birnin Coventry na Ingila da birnin Stalingrad na Tarayyar Sobiyet, waɗanda dukkansu yaƙin ya ragargaza, suka ƙulla irin wannan alaƙa, bayan yaƙin kuma garuruwan Faransa da na Jamus da yawa suka bi sahu domin kashe wutar gaba. Daga baya ne ta shigo makarantu. A 1988 aka haɗa wasu makarantun Mosko da na jihar Niyok ta hanyar saƙon kwamfuta, aikin da ya haifi ƙungiyar iEARN mai haɗa makarantun ƙasashe daban-daban ta intanet, sannan a 2005 Tarayyar Turai ta buɗe shirin eTwinning, wanda yanzu yake ƙarƙashin babban shirinta na ilimi mai suna Erasmus+, har aka faɗaɗa shi zuwa maƙwabta irin su Tunisiya da Jodan. Wanda malamanmu suka fi sani shi ne Connecting Classrooms na British Council, domin makarantun Najeriya sun shiga cikinsa.

Kalmomi biyu ne a hannuna, tagwaitaka da haɗin gwiwa, kuma babu wadda ta kwanta mini. Abin da nake so shi ne kalmar da uba zai ji sau ɗaya ya gane abin da ake shirin yi da ɗansa, ba sai an bi shi da dogon bayani ba.

Malami a kwalejin ilimi, Azare:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga abin da zai hana mu tsayawa a kan tagwaita ba, domin Hausa ta daɗe da fitar da wannan saiwa daga ɗakin haihuwa. A nahawu muna koyar da tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ky, da tagwayen wasula ai da au. A fadar Kano akwai tagwayen masu. Hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa ta nan Azare kowa yana cewa an tagwaita ta, direba da ɗan kamasho ba su taɓa neman a fassara musu ba. Ga shi kuma masu Faransanci sun ce jumelage, Larabawa sun ce tau'ama, dukkansu daga sunan tagwaye suka ciro. Idan muka ce tagwaita makarantu, ɗalibin da ya ci karo da kalmar a waɗancan harsuna zai gane nan take cewa abu ɗaya ake nufi, kuma muna da aikatau a shirye, ba sai mun ƙago ba.

Shugabar wata makarantar 'yan mata, Bauchi:

Allah ya ƙara wa Malam basira, amma misalan da ya kawo su ne suka ƙara nesanta ni da kalmar. Idan an tagwaita hanya, ɗaya ce aka mayar biyu, faɗi ɗaya, kwalta ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Tagwaye kuwa ciki ɗaya suka kwanta, rana ɗaya suka zo duniya, ba su suka zaɓi juna ba. Uban da ya ji an ce za a tagwaita makarantar 'yarsa, abin da zai fara zuwa ransa shi ne za a raba ta gida biyu, ko za a gina wata irinta a gefe, ko kuma za a mayar da ita kamar ta Turai. Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin alkawari ne da babu mai iya cikawa, kuma ba shi ne manufar tsarin ba.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. Lokacin da ɗalibanmu suka yi aiki da wani aji na wata makaranta a Ingila, batun ruwan sama aka zaɓa. Malamar labarin ƙasa ta sa yara sun yanke gorar roba, sun kifa bakinta a ciki kamar mazurari, sun ɗaura mata rula da zare, aka kafa ta a bayan ɗakin gwaji inda babu inuwar bishiya. Kowace safiya yarinya ɗaya take zuwa ta durƙusa ta karanta awon, ta rubuta a littafi, ta zubar da ruwan. Ranar Juma'a sai a ɗauki hoton shafin da wayar malamar a aika. A watan Agusta littafinmu ya cika da manyan lambobi, daga Nuwamba kuwa sai sifili ake jerawa har shafi ya ƙare, su kuma nasu ruwan kaɗan-kaɗan ne amma ba ya yankewa. Yaran can sun yi ta tambayar yadda ake rayuwa watanni ba ruwan sama, namu suka yi musu bayanin rijiya da rumbu da noman rani, su kuma suka tambayi yadda hatsi yake bushewa a ƙasar da hadari ba ya ɗaukewa. Da makarantun iri ɗaya ne, da babu abin da za a koya. Bambancin shi ne jarin, kalmar tagwaye kuwa bambancin take sharewa.

Ni ƙawance nake ba da shawara. Mu mata mun san ƙawance ba haɗuwar hanya ba ne, ƙulla shi ake yi. A al'adar da muka taso muka tarar, yarinya takan aika wa wadda take so da goro ko turare ko ɗankwali, idan waccan ta amince sai ta mayar da nata, iyaye su sani, daga nan kuma duk bikin da ya tashi a gidan ɗaya, ɗayar ce a gaba. Abin da aka kai miki ranar sunanki, ke ma za ki kai ranar nata. Ana zaɓa, ana sanar da manya, ana ba da kuma karɓa, yana iya daɗewa har tsufa, yana kuma iya mutuwa idan ɓangare ɗaya ya daina ramawa. Ban san wata siffa ta wannan tsari na makarantu da ba ta cikin waɗannan ba.

Mai fassara labarai a gidan rediyo, Gombe:

Hajiya ta kawo magana mai nauyi. Ni zan taɓa haɗin gwiwa ne, domin ita ce muke yawan kamawa a ɗakin labarai idan lokaci ya ƙure. Kalma ce mai kyau, sai dai yawan aiki ya sa bakinta ya dakushe: rundunar haɗin gwiwa, asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, kwamitin haɗin gwiwa na majalisa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunnen mai sauraro ya saba da ita a labaran tallafi. Idan aka ce an yi abu da haɗin gwiwar wata ƙungiya ta ƙasar waje, abin da jama'a suke fahimta shi ne su ne suka kawo kuɗin, mu kuma muka kawo fili da kujerun taro. Makarantar da ta shiga wannan tsari da irin wannan fahimta, jira za ta yi a aiko mata da kwamfutoci, idan ba su zo ba sai gwiwar kowa ta yi sanyi, alhali abin da ake nema a wurinta shi ne malami mai naci da ɗalibai masu abin faɗa.

Ƙawance kuwa ya riga ya fita daga zancen mata kaɗai. Muna cewa ƙawancen jam'iyyu, muna cewa dakarun ƙawance, muna kiran waɗanda suka yi nasara a Yaƙin Duniya na Biyu ƙasashen ƙawance, babu namijin da ya taɓa bugo waya ya ce an raina shi. Abin da kawai zan ja hankali a kai shi ne kada a bar kalmar ita kaɗai a kanun labari, domin a lokacin zaɓe siyasa za ta fara zuwa zuciya. A riƙa cewa ƙawancen makarantu, a cike.

Malamin Arabiyya, Misau:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina tambaya ko an duba 'yan'uwantaka ko zumunci. Muna da asali mai daraja a haɗin 'yan'uwantakar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla tsakanin Muhajirai da Ansaru a Madina. Amurkawa ma da sunan 'yar'uwa suke kiran garin da suka ƙulla alaƙa da shi, tun shirin da Shugaba Eisenhower ya ƙaddamar a 1956.

Shugabar makarantar 'yan mata, Bauchi:

Allah ya gafarta Malam, darajar waɗannan kalmomi ce ta sa nake jin tsoron ɗora su a nan. Zumunci ba a yanke shi, wanda ya yanke kuwa ya ɗauki alhaki. Wannan alaƙa ta makarantu tana da wa'adi, wata zango ɗaya ce, wata shekara biyu ko uku, sau da yawa kuma da an yi wa malamin da ke riƙe da ita canjin wurin aiki take tsayawa. Bai kamata mu sa wa abin da muka san yana iya ƙarewa sunan abin da addini ya hana a yanke ba.

Malami a kwalejin ilimi, Azare:

Har yanzu ina ganin asara ce mu rabu da saiwar da sauran harsuna suka haɗu a kanta, kuma a rubutun masana zan so a riƙa ambaton tagwaitaka ko da sau ɗaya ne domin mai bincike ya gane tushen. Amma ta fuskar nahawu akwai abin da ke goyon bayan Hajiya wanda ba a faɗa ba. Makaranta jinsin mace ce a Hausa, haka kwaleji, haka jami'a, saboda haka ƙawa ta zauna musu daram: ƙawar makarantarmu tana Ghana, makarantarmu tana da ƙawaye biyu, an ƙulla ƙawance, ƙawancen ya yi ƙarfi, an warware ƙawancen. Da tagwaye ba a samun wannan sauƙi, domin tilonsa ba ya shiga bakin mutane, kuma babu mai cewa makarantar can ita ce Hassanarmu ko Usainarmu. Inda za a yi tuntuɓe shi ne aji, tunda namiji ne, ba za a ce ƙawar ajinmu ba. A nan sai a ce ajin ƙawance, kamar yadda ake cewa ƙasashen ƙawance.

Malamin Hausa, Gombe:

Na gode ƙwarai, malamai. Na ɗauki ƙawancen makarantu, kuma hujjar Hajiya ta ramawa ce ta fi rinjayata, domin ita ce nake so iyaye da malamai su riƙe. Yaran Bauchi suna da giwayen Yankari da ruwan ɗumi na Wikki, namu suna da madatsar ruwa ta Dadin Kowa da gonakin auduga da harsuna uku ko huɗu a aji ɗaya, abin da yaron da ya taso da harshe ɗaya zai yi mamakinsa. Wanda ya san cewa ƙawance ne ya shiga, zai shirya abin da zai kai.

Saura ɗan harafin nan na e da ke gaban eTwinning. Sunan shirin dai suna ne, a bar shi yadda masu shi suka rubuta. Idan ana son nuna hanyar da ake bi, ƙawancen makarantu ta intanet ya wadatar, kuma na fi son sa a kan cewa ta bidiyo ko kai tsaye, domin mafi yawan aikin ba fuska da fuska ake yin sa ba. Tsakaninmu da Ingila sa'a ɗaya ce a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma agogonmu ɗaya, amma Niyok tana bayanmu da sa'o'i biyar ko shida, kafin su shiga aji mu mun kusa tashi. Ga kuma wuta da sabis da tsadar data. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a rubuta, a ɗauki hoto ko murya, a aika, su buɗe idan garinsu ya waye. Jimlar da za ta shiga takardar ita ce: "Makarantarmu tana shirin ƙulla ƙawance ta intanet da wata makaranta a ƙasar waje, inda ɗalibanmu da nasu za su riƙa yin aikin darasi tare a ƙarƙashin kulawar malamansu, kuma ba za a aika hoton kowane yaro ba sai da izinin iyayensa."

Malami a kwalejin ilimi, Azare:

Jimlar ta yi, Malam. Sai dai kada mu shimfiɗa kalmar a kan abin da ba nata ba. A manyan makarantu akwai wani tsari da ake kira COIL, wanda Jami'ar Jihar Niyok ta yi fice da shi, inda malamai biyu daga jami'o'i biyu suke haɗa ɗalibansu na 'yan makonni a cikin kwas ɗaya, kowa kuma jami'arsa ce take ba shi maki. Wannan ba makaranta da makaranta ba ne, malami da malami ne, kuma da kwas ɗin ya ƙare an rabu. Ni darasin tarayya nake kiransa a aji, amma zan so in ji ra'ayin 'yan'uwanmu na Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere kafin in sa shi a rubuce.