"At a crossroads": tsaka mai wuya ake nufi, ko wani abu daban?

Ɗaliba: Salamu alaikum. Jaridun Turanci na yawan cewa ƙasa ko kamfani yana "at a crossroads". Malam, tsaka mai wuya ke nan?

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Crossroads mararraba ce, inda hanya ta gitta hanya. A Ingila aka fi jin ta, Amurkawa sun fi cewa intersection idan titin mota ake magana. Harafin s na ƙarshe kada ya ruɗe ki, ko guda ɗaya ce haka ake faɗa. A zance kuwa, ana nufin lokaci ya yi da dole mutum ya zaɓi inda zai nufa. Ban yarda tsaka mai wuya ba ce.

Tsohon Direba: Malam, a yi min afuwa, amma akwai wuya a ciki. Ka iso mararrabar da ba fitila, mota ta dama, mota ta hagu, na baya yana danna maka oda, ƙafarka na kan birki. Ai shi ya sa a Birtaniya alamarta ta gargaɗi ce, mai kusurwa uku da jan baki.

Malamin Turanci: Baba, gaskiyarka ta fuskar titi. Sai dai wanda ke tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki, ko'ina ya juya cuta ce. Wanda ke mararraba hanyoyi a buɗe suke gabansa, wata ma alheri ce zalla. Yarinya ta gama sakandare, ga gurbin karatu, ga sana'ar da hannunta ya faɗa a kai. Babu ta yarwa, amma ba a bin hanya biyu lokaci guda. Nauyin ke nan.

Mai Son Tarihi: Kun bar ma'ana ta uku, wato mahaɗar jama'a. Haka ake kiran Istanbul, tsakanin Turai da Asiya. Jihar Indiana ta Amurka ma tun 1937 takenta "Crossroads of America". Amma tsoron da Baba ya ambata tsoho ne: a Ingila a mararraba ake binne wanda ya kashe kansa, sai a 1823 doka ta hana.

Ɗaliba: To idan duk zaɓin munana ne, ba zan yi amfani da ita ba ke nan?

Malamin Turanci: Ni dai ba zan yi ba, sai ki nemi wata maganar.

Tsohon Direba: 'Yata, bi ta Malam a rubutu. Amma ni har yanzu ina nan kan bakana, wanda bai san hanya ba duk faɗinta wuya ce gare shi.