Bazawara mai ƴaƴa da fushin da ke sauka kan yara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu na Damagaram. Mace ta fito daga gidan miji da yara biyu ko uku, idda ta ƙare, amma zuciyar ta ƙi sauka. Abu kaɗan sai tsawa, sai duka, da dare ta zauna tana kuka. Ina za a fara kamo bakin zaren?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A fara da ciyarwa, nan wutar take. Muddin ba a yanke abin da uba zai riƙa bayarwa ba, duk ranar da hatsi ya ƙare ciwon ya dawo sabo. Waliyyinta ya je da ita wajen alƙali a fada, ko jastis, a rubuta jika nawa a wata, wace rana, wa zai biya lakwal da magani. Kuɗin ya bi ta hannun kawu ko baffa. Kada a aiki yaro karɓowa: zai dawo da maganar da ya ji a gidan, ita kuma ta huce a kansa. Mazhabar Malik ta bar wa uwa riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare, sai dai in uwar ta sake aure. Masu cewa shekara 7 al'ada ko wata mazhaba suke bi.

Amsa ta 2:
Hajiya ta yi gaskiya. Lokacin da abin ya taso kuwa, ta yi a'uziyya, in tana tsaye ta zauna, ta yi alwala, kamar yadda hadisi ya koyar. Ta miƙa yaron ga kakarsa na minti 10 kafin ta buɗe baki. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga 4, ta sake shi a hankali har 6, sau 5. Kalmar "halin ubanka" ce nake roƙo a daina, yaro yana jin ta kamar shi aka saka. Ta kuma toshe status ɗin tsohon mijin a WhatsApp.

Amsa ta 3:
In an wuce sati 2 babu barci, babu cin abinci, ko tana cewa gara ta mutu, wannan ya wuce "yi haƙuri". A kai ta likita ranar, su tura ta Babban Asibitin Zinder in da buƙata. Kada a sayo mata maganin barci a tebur.

Amsa ta 4:
Ta shiga asusun Mata Masu Dubara na unguwarsu, ko dala 20 ce a sati. Tuyar awara ko ƙosai ta fitar da ita daga ɗaka da safe.