Hutun ɗalibai yana faɗowa tsakiyar damina, wa zai riƙe gonar kwaleji?

Assalamu alaikum. Ni ke shugabantar sashen aikin gona a wata ƙaramar kwaleji, gonar koyarwa ma tana hannuna. Masara na son kwana 90 zuwa 120, amma ɗalibai na gama noman fari sai a ba da hutu. Lokacin maimai da zuba takin yuriya, ma'aikata biyu kacal ke saura. Bara ina ji ina gani ciyawa ta shanye kunyoyi, ganyen masara ya koma ruwan ɗorawa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na roƙi hukumar makaranta ta gyara jadawali, ta ƙi. Na gwada karɓa-karɓa, na nesa ba sa zuwa, kuɗin 'yan ƙwadago kuma babu a kasafi. Don Allah malamai, ku da kuka taɓa riƙe irin wannan gona, yaya kuka ɓullo wa abin?